Ludayin da Gwaggo Zumra Ta Bar wa Ramiza

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu na Brezik cikin shekaru talatin ɗin nan ya taɓa zama a kan 'yar kujerar da ke gefen murhun Ramiza, kansa lulluɓe da jan ƙyalle, yana jiran ƙarar dalma cikin ruwa. Masu cewa yanzu su dama can ba su taɓa yarda da abin ba, ƙarya suke shararawa. Shi kansa shugaban makarantarmu a kafaɗa aka kai shi yana shekara shida, ranar da rago ya tunkuye shi a bayan masallaci ya kwana uku yana in'ina.

Ramiza ba ta taso da niyyar zama mai zubi ba, wato mai zuba narkakkiyar dalma a ruwa don cire wa yara firgita. Daga ƙetaren kogi aka auro ta, doguwa mai saurin tafiya, ta yi shekara tara tana ɗinka maɓallai a masana'antar riguna kafin yaƙi ya rufe masana'antar. A shekarun yaƙin ne yara suka lalace da firgita. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma, wanda ya iya magana ya yi gum, ƙofa ta bugu da ƙarfi sai yaro ya shige ƙarƙashin gado. Likita babu, hanya babu. Abin da ƙauyen yake da shi Gwaggo Zumra ce, ƙanwar mahaifin mijinta Sabit, da ludayinta na ƙarfe. To ita ma tsufa ya sa hannu ya soma rawa, ran nan ta kusa kwara narkakkiyar dalma a kafaɗar wani yaro. Washegari ta kira Ramiza, ta biya mata abin da ake karantawa sau uku, ta danƙa mata ludayin, ta ce kada ta taɓa mai da uwa da ɗanta daga bakin ƙofa.

Ba ta kuwa taɓa mayarwa ba. Ko tana tsakiyar murza ƙullun pita, gashin fulawar nan da ake naɗe nama ko kabewa a ciki, hannu duk fulawa, sai ta goge a jikin zani ta ɗauko ludayi. Ta jefa guntun dalma a ciki, ta zura cikin wuta, tana Fatiha da Ƙulhuwa har dalmar ta narke ta yi ƙyalli. Uwa ta riƙe kwanon ruwa a saman yaro, ita ta juye dalmar cikin ruwan: a saitin ka, a saitin ƙirji, a saitin gwiwa. Sai ta tsamo abin da ya daskare ta duba. In ya fito da tsinaye kamar allurai, firgita na nan. In ya dunƙule sumul, ta fita. Yaro ya kurɓi ruwan sau uku, a shafe masa fuska, sauran a zuba a gindin wardin da ke bakin taga, inda take shuka albasa da alayyafo. Dalmar Sabit ne ke kawowa daga wurin mai faci, guntayen nan da ake maƙala wa ƙafar mota, shi ma ya narka rabonsa a murhun ya yi wa fatsarsa nauyi.

Yara kuma suna samun sauƙi, wannan ba mai musu. Uwa ta zauna ta sha gahawa, ta amayar da abin da ke cinta, yaro ya ga manya sun taru a kansa, kowa ya koma gida hankali kwance. Yawancinsu sau ɗaya ko biyu suka zauna a kujerar a duk rayuwarsu.

Ilma kuwa a ɗakin girkin ta yi rarrafe.

Jikar Ramiza ce, ɗiyar 'yarta Mevlida. Uban yana tuƙin babbar mota a Jamus, sai da salla ake ganinsa. Mevlida tana ɗinkin rigunan kujerun mota a birni, ɗaki ɗaya take haya, saboda haka tun Ilma na wata goma aka bar ta wurin kakarta, uwar tana zuwa Asabar ta koma Lahadi. Da hunturu ɗakin girki ne kaɗai ake hura wa wuta, tagogi a liƙe. Nan ake ci, nan ake sallah, nan ake zubi sau uku ko huɗu a mako. Tokar da ke tasowa a saman dalma Ramiza takan kwashe ta da cokali ta buga a bakin murhu, ta share da tsintsiya. Abin da ya fito da siffa mai kyau kuwa, Ilma ke roƙa. Tana da gwangwanin alewa cike da su: wannan kifi ne, wannan takalmin kakanta ne, wannan doki ne. Dokin ta fi so, kullum yana aljihu ko yana baki.

Yarinya ce mai surutu tun tana shekara biyu, har Sabit yana kiranta rediyon gida. Tana shiga ta huɗu rediyon ya soma ɗaukewa. Ta daina cin miyar wake da take so. Ta riƙa dafe ciki, kwana uku huɗu ba ta zaga ba. Abu kaɗan ta faɗi ƙasa tana shure-shure, ta ciji hannun kakarta, can kuma ta zauna zuru kamar ba ita ba. Waƙar da ta haddace bara ta tsaya mata a baiti na biyu.

Ramiza ta san wannan ciwo, ko kuwa ta ɗauka ta san shi, don ta gan shi a yara ɗari. Ta tuna karen Fikreta maƙwabciyarta ya taɓa yin tsalle a kan shinge yarinyar na wucewa. Shi ke nan. Ta zaunar da ita, ta lulluɓe ta, Sabit ya riƙe kwano. Dalma ta fito da allurai. Bayan kwana uku ta sake, allurai. Ta kasa zama wuri ɗaya. Tana wanke-wanke sai ta bar kwanuka ta leƙo ta ga ko yarinyar ta ci burodin da ta ba ta. Ita da ta warkar da 'ya'yan ƙauye kaf, tata jikar ta gagare ta? Ta mai da zubin duk Talata da Asabar, tana ƙara mata kurɓi ɗaya don ya ratsa.

Mevlida ce ta matsa a kai ta asibitin gari, don ta ga leɓen yarinyar ya yi fari. Ba a ba Mevlida hutu a wurin aiki ba, sai Ramiza ta kai Ilma a bas. Likitar yara wata 'yar siririya ce mai suna Sanela, wadda a idon Ramiza ba ta wuce a aike ta sayen sukari ba. Aka ɗebi jini, aka ce ya yi ƙasa, aka rubuta maganin ƙarin jini. Likitar ta yi ta tambaya: tsohon fenti yana ɓarewa a bango? Bututun ruwa na da ne? Akwai mai aikin batir ko aikin dalma a gidan? Ramiza ta ce babu. A ranta ba ƙarya ta yi ba. Aiki shi ne abin da ake fita a yi a dawo a gajiye. Nata addu'a ce. Kuma ta san kallon da masu farar riga suke yi wa irinta in ta buɗe baki.

Wata biyu ana ɗura mata maganin nan mai baƙanta haƙora, jini bai motsa ba. Aka ce su dawo a sake ɗiba. Ilma ta ji an ambaci allura, tun a gida ta soma ihu tana riƙe ƙafar tebur. Me Ramiza za ta yi? Abin da ta iya. Da sassafe, kafin bas ɗin bakwai, ta hura wuta ta yi mata zubi don tsoron allurar ya fita, ta ba ta ruwan ta sha, suka kama hanya.

A ɗakin likita yarinyar ta ƙi miƙa hannu. Sanela ta tsuguna tana lallashi, ta tambaye ta me take dunƙulewa haka. Ilma ta buɗe tafi, ga doki, ya yi sumul da tsotso.

Likitar ta ɗauka, ta auna nauyinsa a hannu, ta karce shi da farce. Ta ɗago ta dubi tsohuwar.

"Inna, wa ke zuba mata?"

"Ni ce. Firgita ce ta kama ta, kare ne."

"Sau nawa?"

Ramiza ta soma lissafawa da yatsu, yatsun suka ƙare. Ta zaci za a yi mata tsawa, ta ma shirya amsa. Sanela ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ma kakarta ta taɓa kai ta wurin mai zubi, har yau tana tuna ƙarar. Sannan ta ce alamun da Ramiza take yi wa magani, su ne alamun da dalma ke sa wa yaro in ta taru a jikinsa, ta ƙura, ta hayaƙi, ta abin da ya tsotsa. Amma ba a ganewa da ido, sai an gwada jini, gwajin kuma ba a yin sa a nan, sai an aika babban birni, Sarajevo.

Ga abin haushi. Yarinyar nan an auna tsayinta, an auna nauyinta, an yi mata rigakafi ba ta tsallake ko ɗaya ba, littafinta cike da hatimi. Cikin shekara huɗu ba wanda ya taɓa tunanin a duba wannan, alhali rabin ma'aikatan asibitin sun san ƙarar dalma cikin ruwa tun suna goye. Da dokin bai fito daga aljihu ba, da har yau ana ɗura mata maganin ƙarin jini.

Kwana goma sha biyu aka yi ana jira. Ramiza ta yi wa Mevlida bayani a waya rabi da rabi. Ta goge tagogin da ta goge jiya. Ta warware safar da take saƙawa ta sake somawa. Ta ce wa Sabit likitar nan ƙaramar yarinya ce kawai mai son nuna ta yi karatu. In dalma guba ce, yaya Gwaggo Zumra ta kai tamanin da bakwai? Sabit ya ce ai shi ma abin da ya gani ke nan, ya ɗauki fatsarsa ya yi kogi, kamar yadda yake yi duk ranar da magana ta yi nauyi. Sau biyu hannunta ya kai kan ludayi, don yarinyar ta wuni tana kuka. Sau biyu ta janye shi, tana jin haushin kanta a kan janyewar.

Sakamako ya fito ranar Alhamis. Dalmar da ke jinin Ilma ta ninka abin da likitoci ke fara damuwa a kai wajen sau bakwai. Ba ta kai a kwantar da ita ba, amma likita ta ce ko kwana ɗaya kada ta ƙara a ɗakin girkin nan. Ta ce dalmar da ke jinin za ta ragu a hankali in an raba ta da abin. Abin da ya riga ya taɓa a kanta kuwa, ba ta yi alkawarin komai ba.

Mevlida ta iso a motar haya tun kafin la'asar, da rigar aiki a jikinta. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi gahawa ba. Ta tattara kayan yarinyar cikin jakar leda, ta juye gwangwanin alewar a kan tebur, kifi da takalmi suka watse.

"Mama, likita ta tambaye ki tun wata biyu da suka wuce, kika ce babu."

"Aiki ta ce. Ni aiki nake yi?"

"Muddin ludayin nan yana gidan nan, Ilma ba za ta sake taka ƙofar nan ba. Ko da salla."

Ilma tana leƙe ta gilashin mota tana kiran Nana, yadda take ce wa kakarta, motar ta gangara.

Daga ranar Ramiza ba ta sake zama ba sai don sallah. Likita ta rubuto yadda za a yi, ta bi har ta wuce. Ba shara, sai gogewa da ruwa. Ta wanke bango da rufi sau uku. Darduma, labule, matasan kujera, duk ta ɗaure su aka kai inda hukuma ta ce. Ta sa Sabit da ƙannensa suka fitar da murhun da aka yi mata aure da shi. Da aka zo kan wardin, Sabit ya tsaya riƙe da shebur yana cewa ai fure ba a cinsa. Ta ce albasar da ke gindinsa fa, shekara nawa yana cin ta a miya, tsoho? Ta karɓe shebur ɗin ta soma haƙa da kanta, sai da ya ji kunya ya karɓa. Suka kwashe ƙasar har zurfin gwiwa. Dalmar fatsarsa ma ta tattara, ya bi ta har ƙofa yana roƙon ta bar masa biyu.

Sannan ta ɗaura ɗankwali ta shiga gida-gida. Duk yaron da ta yi wa zubi fiye da sau ɗaya cikin 'yan shekarun nan, ta je ta gaya wa uwarsa a kai shi a gwada jininsa, kuma in likita ya yi tambaya a faɗa masa gaskiya. Gida goma sha ɗaya. Wata ta rungume ta tana kuka. Wata, wadda ta taɓa buga mata ƙofa cikin dusar ƙanƙara da yaro a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita dama tun farko ranta bai kwanta da abin ba. Fikreta kuwa ta fi kowa. Ta ce likitoci ne ke baƙin ciki, ta kawo jikanta bayan kwana biyu wai ya faɗo daga keke yana zabura, a taimaka a zuba masa sau ɗaya, ba wanda zai ji. Ramiza ta tsaya a ƙofa, maganar Gwaggo Zumra tana yi mata amsa-kuwwa a kunne. Ta ce su shigo su sha gahawa, amma zubi ta daina. Fikreta ta ja yaron ta tafi wurin wata mai zubi a ƙauyen gaba, a hanya tana gaya wa mutane Ramiza ta fara girman kai. Cikin gida goma sha ɗayan, huɗu ne suka kai yaransu gwaji. Ɗaya aka samu nasa ya ɗan hau, yaron da Sabit yake koya wa narka dalmar fatsa.

Ludayin ne kawai ba ta fitar ba. Ta ce wa Mevlida a waya ta riga ta jefar da shi. Ƙarya ce, wannan karon kuma ta san ƙarya ce. Ta naɗe shi a jan ƙyallen ta hau ma'ajiyar da ke cikin rufi ta cusa shi a bayan buhun gyaɗar nan mai taurin ɓawo. Ba don ta sake zubi ba, haka take gaya wa kanta. Hannun ludayin ya lotsa daidai inda babban yatsan Gwaggo Zumra ya zauna, nata ya zo ya zauna a wurin. Da shi ta san ita wace ce a Brezik. In ba shi, tsohuwa ce mai pita kamar kowace tsohuwa. Sai dai tun da ta ɓoye shi ba ta iya wucewa ƙarƙashin wurin ba tare da ta ɗaga kai ba.

Wata uku Ilma tana birni, wata maƙwabciya tana riƙe ta in uwar ta tafi aiki. A waya Ilma ba ta cewa komai sai ta hura iska ta miƙa wa uwarta. Gwaji na biyu ya nuna dalmar da ke jininta ta ragu, ko da yake da sauran tafiya. Mevlida ta ce za ta kawo ta ranar Lahadi ta ga gidan da idonta.

Suka zo da hantsi, lokacin tuffa ta soma nuna. Ilma ta ɗan yi kumatu. Ta ga kakarta ta fizge hannu za ta ruga, uwar ta riƙe ta a bakin shinge, ta ba Sabit ya tsaya da ita. Mevlida ta shiga ita kaɗai. Ta shafa saman ƙofa ta duba yatsa. Ta buɗe sabon murhu, ta jawo kowane aljihun tebur, ta leƙa ramin da wardin yake a da. Ramiza tana biye da ita tana surutu, ga pita ta kabewa tana hucewa, ga bangon sau uku aka wanke. Mevlida ta juyo ta tsaya.

"A ina kika jefar da shi?"

"A kogi."

"Baba ya ce ke rabonki da kogi tun bara. Mama, ki dube ni. Ni ma a kujerar nan na girma, na san ki."

Ramiza ta dubi taga. Ilma tana can ta saƙalo hannu ta tsakanin katakon shinge tana buɗewa tana rufewa, tana kiran ta zo. Da can da tuni ta cika unguwa da surutu.

Ramiza ta juya daga tagar. Ta jawo tsani, ta hau, gwiwoyi suna ƙara. Ta sauko da ƙunshin ta ajiye a kan tebur, ta warware. Ta sa babban yatsa a lotsawar nan sau ɗaya, sannan ta tura wa 'yarta. Mevlida ta zura shi a leda ta ƙulle, ta sake zurawa a wata, ta ce gobe za ta kai wa likita ta san inda ake zubar da irinsa. Ta kai hannu kan ƙyallen ma, Ramiza ta ce ta ɗauka, shi ma ya sha hayaƙi.

Mevlida ta fita ta buɗe shinge. Ilma ta shigo da gudu ta daki gwiwar kakarta, ta tsaya tana dube-dube, ɗakin ya sauya mata. Ta tambayi ina doki. Ramiza ta ce doki ya tafi, za ta yi mata wani da ƙullu su gasa. Yarinyar ta yi shiru tana neman kalma, bakinta a buɗe, su duka uku suna jira ba wanda ya taya ta. Can ta ce, "Mai wutsiya."

Mevlida ba ta bar ta ta kwana ba ranar. Ta ce Lahadi-Lahadi tukuna, sai an ga gwaji na uku. Ramiza ta raka su har bakin titi, ta dawo ta wanke kwanon ƙullu, ta goge teburin da ludayin ya taɓa da ruwan zafi, ta sake gogewa. Sabit ya ce ta zauna haka nan mana, tsohuwa, tebur zai huje. Ta ce ya matsa mata daga hanya, bai ga ƙura a kan taga ba?